Idan Hazo Ya Rufe Titin Jirgi: Jagora Ga Matuƙi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, duk mai hawa jirgi a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ya saba da sanarwar nan: an ɗage tashi saboda rashin kyawun yanayi. Fasinja ya leƙa waje, babu hadari, babu ko yayyafi, ga rana can ta yi fari fat har ana iya kallonta da ido, sai ya hau ƙorafi. Abin da ya ɓace masa shi ne lissafin da ke gaban matuƙi. Jirgin fasinja yana tunkarar titin sauka da gudun kusan mita 70 a daƙiƙa guda. Idan ido bai wuce mita 550 ba, duk abin da matuƙi ya hango yanzu zai iske shi kafin daƙiƙa takwas su cika. Wannan ɗan lokaci bai isa mutum ya yi shawara da zuciyarsa ba.

Shi ya sa aikin tuƙi cikin hazo bai rataya a kan kaifin ido ko ƙarfin hali ba. Ya rataya a kan lambobin da aka yanke tun ana ƙasa, hankali kwance, da kuma riƙe su gam idan an shiga matsi. Wannan jagora tana bin aikin daki-daki, daga karanta yanayi har zuwa taka titi, domin ɗalibin tuƙi da ke Zariya ko wata makaranta, da ma duk mai son sanin abin da ke gudana a gaban jirgi. Lambobin da ke ciki na ƙa'idar duniya ne. Littafin aikin kamfaninka da taswirar filin da za ka sauka su ne masu hukunci na ƙarshe.

Hazo iri-iri ne

Farkon aiki shi ne ka san da wane iri kake karawa, domin kowanne da halinsa.

Hazon ruwa ɗigo ne ƙanana da ke rataye a iska. Yana samuwa idan iska ta yi sanyi har ta kasa riƙe danshin da ke cikinta. Wanda aka fi gamuwa da shi na asuba ne: dare ya yi sarari, ƙasa tana jiƙe, iska ta kwanta. Ƙasa ta saki zafin da ta sha da rana, iskar da ke kanta ta yi sanyi. In babu motsin iska ko kaɗan, raɓa ce kawai za ta sauka. In akwai ɗan kaɗawa, sai sanyin ya gauraya zuwa sama, fadama da kwari da bakin kogi su cika da hazo. Yakan ƙara kauri jim kaɗan bayan fitowar rana, sannan ya watse da hantsi. Akwai kuma wanda iska mai ɗumi da danshi ke haifarwa idan ta bi ta kan ruwa ko ƙasa mai sanyi, irin na gaɓar tekun Ingila da San Francisco. Shi wannan ba ya jin rana, yana iya wuni. Na uku shi ne na tudu, inda iska mai danshi ke hawa gangare ta yi sanyi, girgije ya zauna daram a kan ƙasa, kamar yadda ake gani a Jos da Mambila da damina.

Hazon ƙura, wato bujin hunturu, shi ne namu. Babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe ya bar garin ƙasa mai laushi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yo kudu maso yamma da shi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya iso ƙasar Hausa. Bambancinsa da hazon ruwa shi ne abin da ya kamata matuƙi ya riƙe: busasshe ne, rana ba ta narkar da shi. Yakan fi muni da safe, lokacin da sanyin dare ya danne ƙurar kusa da ƙasa, ya ɗan sassauta da rana, amma yana iya shafe kwanaki bai tafi ba. Wanda ya ce bari in jira awa ɗaya ya watse, ya yi wa buji lissafin hazon asuba.

Sai guguwar farkon damina. A watannin Mayu da Yuni, kafin ƙasa ta jiƙe, hadari yakan turo iska mai ƙarfi a gabansa, ta tayar da jan bangon ƙura da ke rufe gari cikin mintuna. Mutanen Yamai, Njamena da Khartoum sun san ta sarai. Ba ta daɗewa, amma tana tafe da iska mai juyawa ba zato, wadda ta fi rashin ganin hatsari. Ba a tsere da ita zuwa titi. Jira ake yi ta wuce. Ruwan sama mai ƙarfi da hayaƙin ƙonar daji su ma suna rage gani, kuma hayaƙi ya fi lafewa da asuba da almuru.

Karanta rahoton yanayi

A Najeriya hukumar NiMet ce ke fitar da rahoton yanayin filayen jirgi. A Nijar, Chadi da Kamaru kuwa aikin yana hannun ASECNA. Rahoto biyu ne ba ka tashi sai ka karanta su: METAR, mai faɗin halin da ake ciki, wanda ke fita duk awa ko rabin awa, da TAF, mai hasashen awannin da ke tafe. Ga misalin yadda na Kano zai iya kasancewa wata safiyar hunturu:

DNKN 150700Z 06012KT 0800 DU NSC 14/02 Q1017

DNKN filin Malam Aminu Kano ke nan. Ran 15 ga wata, ƙarfe 7 agogon duniya, wato 8 na safe agogon Najeriya. Iska daga arewa maso gabas, not 12, kusan kilomita 22 a awa. Gani mita 800, dalili ƙura. Babu girgijen damuwa. Zafi digiri 14, ma'aunin raɓa digiri 2. Matsin iska 1017.

Tsaya a kan lambobin nan biyu, 14 da 2. Ta farko zafin iska ce, ta biyu kuma matakin sanyin da iskar za ta kai ta fara zubar da danshinta. Tazarar digiri 12 tana gaya maka iskar a bushe take ƙamas, abin da ya rufe gari ƙura ce, ba mai tafiya da hantsi ba. Da a ce filin Legas ne da asuba ka ga 23/22 da iska kwance, labari ya sha bamban: tazarar da ta ragu zuwa digiri 2 ko ƙasa da haka, da dare mai sarari, sanarwa ce cewa hazon ruwa yana hanya, ko da rahoton bai ambace shi ba tukuna.

Haruffan da ke bin lambar gani su ne ke faɗin dalili. FG hazon ruwa ne da ya rage gani ƙasa da mita 1,000. BR ɗan'uwansa ne mai sauƙi, daga mita 1,000 zuwa 5,000. HZ busasshen hazo, DU ƙura, DS guguwar ƙura, FU hayaƙi. A filin da ke da na'urorin auna gani a gefen titi za ka ga ƙarin lamba mai suna RVR, nisan da mai zaune a kujerar matuƙi zai iya hango fitilu ko zanen titi. Ana auna ta a farkon titi, tsakiya da ƙarshe, domin hazo ba ya zama bai ɗaya. Inda aka ba da ita, da ita ake hukunci.

Kada ka tsaya ga rahoto ɗaya. Jera na awanni uku ko huɗu da suka wuce ka ga inda lambar ta dosa. Da hunturu, leƙa rahoton filayen da ke gabas da arewa da kai. Abin da ya rufe Njamena ko Zinder yau yana iya zama baƙonka gobe. Sannan ka karanta sanarwar NOTAM: na'urar sauka ko fitilun da aka kashe don gyara suna ɗaga iyakar ganin da doka ta ba ka, wani lokaci har filin ya fi ƙarfinka.

Shiri tun ana ƙasa

Tambaya ta farko: da wace doka kake tafiya? Mai tuƙi da ido, wanda bai da shaidar tuƙi da na'ura, ƙa'idarsa a mafi yawan sararin samaniya ita ce gani na kilomita 5 a ƙasa da ƙafa 10,000, kilomita 8 a sama da haka, tare da nisantar girgije. Ranar da buji ya sauko da gani zuwa mita 3,000, ranar karatu ce a gare shi, ba ta tashi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai tuƙi da na'ura kuwa abu uku zai yanke kafin ya tayar da inji.

Na ɗaya, filin ko-ta-kwana. Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaɓen filin da ke kusa saboda sauƙi. Bujin da ya rufe Kano ba ya tsayawa a Kano. Katsina, Dutse da Kaduna suna iya kasancewa cikin ƙurar guda. Zaɓi filin da ke wajen yanayin, ko wanda na'urorinsa suka fi ƙarfi, in hali ya yi ka riƙe biyu. A farkon 2020 hazo ya kai har Legas, jiragen ƙasashen waje da dama suka karkata zuwa Accra. Idan kuma ganin filin da za ka tashi ya isa tashi amma bai isa sauka ba, kana buƙatar wani filin da za ka nufa in inji ya lalace bayan tashi. Ga jirgi mai inji biyu, kada nisansa ya wuce tafiyar awa ɗaya da inji guda.

Na biyu, mai. Bayan man tafiya da na zuwa filin ko-ta-kwana, doka ta ware man ajiya na ƙarshe: na minti 30 ga jirgin jet, na minti 45 ga ƙaramin jirgi mai injin fistan. Wannan ba na taɓawa ba ne. A ranar hazo ƙara na shawagi, domin hasumiyar kula da jirage za ta buɗe tazara tsakanin jirage, layi ya yi tsawo.

Na uku, lambar juyawa. Rubuta ta a takarda: idan mai ya sauko kaza ban sauka ba, na nufi filin ko-ta-kwana. Faɗa wa abokin tuƙinka ya ji da kunnensa. Mutumin da ke shawagi a kan garinsu yana jin ana cewa fili ya kusa buɗewa, zuciyarsa ba abar yarda ba ce. Takardar ita ce shaida a kansa.

Tafiya a ƙasa da tashi

Hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi a kan ƙasa ya faru. Ran 27 ga Maris 1977, a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, hazo ya rufe titi. Jirgin KLM ƙirar Boeing 747 ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba, alhali wani 747 na Pan Am yana kan titin. Matuƙan ba sa ganin juna, hasumiya ba ta ganin kowa. Mutum 583 suka rasu. Tun daga nan aka tsaurara yadda ake magana a rediyo, aka kuma koya wa mataimaki cewa in yana shakka ya faɗa da ƙarfi, komai girman kyaftin.

Don haka a ranar hazo, daga inda jirgi ya motsa an shiga aiki. Buɗe taswirar fili a gabanka, ka bi hanyar da aka ba ka da yatsa kafin ka saki birki. Maimaita kowane umarni ga hasumiya yadda aka faɗe shi. Yi tafiya a hankali, ka dakatar da duk wani cike-cike da zai sa kai ya sunkuya. Launin fitilu yana gaya maka inda kake: kore a tsakiya da shuɗi a gefe hanyar zuwa titi ce, fari kuwa titin ne kansa. Jerin jajayen fitilu da suka gicciye hanya ba a tsallake su suna kunne, ko da ka ji kamar an ba ka izini. Idan ka rasa inda kake, taka birki ka faɗa wa hasumiya nan take. Kunyar minti ɗaya ce.

Da ka hau titi, duba kamfas ya dace da lambarsa: titi na 06 a Kano yana fuskantar kusan digiri 60. Sannan ka gwada lambar ganin da aka ba ka da idonka. Fitilun gefen titi galibi mita 60 ne tsakaninsu. In kana ƙirga bakwai a jere, ganinka ya kai wajen mita 400. In abin da kake ƙirgawa bai kai iyakarka ba, ba ka tashi. Fitilun tsakiyar titi su ma suna magana: fari ne har sai saura mita 900, daga nan ja da fari, mita 300 na ƙarshe kuma ja zalla. Da hancin jirgi ya ɗaga, mayar da ido kan agogunan tuƙi da ke gabanka gaba ɗaya. Babu sauran abin kallo a waje.

A sama: ɗimuwa

Abu uku ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa: ido, cikin kunne, da nauyin jiki a kan kujera. A jirgi ido ne kaɗai mai gaskiya a cikinsu, shi ma sai yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Ruwan da ke cikin kunne ba ya jin karkata idan ta zo a hankali. In kuma jirgi ya daɗe yana juyawa, kunne yakan saba ya ce an miƙe. Da matuƙi ya daidaita fukafukai sai ya ji kamar ya karkata ɗaya gefen, ya mayar da jirgin cikin juyin da hannunsa. Hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru, ya ja sanda don ya hau, juyin ya ƙara tsukewa. Haka ɗimuwa ke kashewa, mutum yana jin komai daidai. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954, matuƙan da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, da aka rufe musu ganin waje, jirgi ya ƙwace musu cikin daƙiƙa 178 a matsakaicin lissafi. Ƙwararru ma ba su tsira ba. Matuƙin helikwaftan da ya faɗi da ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant a California ran 26 ga Janairu 2020 gogagge ne. Bincike ya nuna ya shiga girgije, ya ɗauka hawa yake alhali gangarowa yake yana juyawa. Mutum tara suka mutu.

Buji yana da nasa tarkon. A cikinsa kana iya ganin ƙasa a ƙarƙashinka, gonaki da hanyoyi, sai ka ɗauka kana gani. Amma gaba babu layin da ya raba sama da ƙasa, komai ya zama launin toka ɗaya. Idan kana fuskantar rana da safe ko da yamma, abin ya ninka. Da dare a kan daji marar fitila kuwa, babu bambanci da cikin girgije.

Maganin ɗaya ne: gaskata agogo, ƙaryata jiki. Agogon da ke nuna zaman jirgi shi ne cibiya. Daga shi ido ya je agogon tsayi ya dawo, ya je na gudu ya dawo, ya je kamfas ya dawo. Kada ka yi saurin juya kai. In akwai na'urar tuƙi, kunna ta.

Ga mai tuƙi da ido da ya tsinci kansa cikin hazo ba shiri, ga tsarin fita. Daidaita fukafukai da agogo. Lura da inda hanci ke fuskanta. Yi juyi mai sauƙi na digiri 3 a daƙiƙa, wanda cikin minti ɗaya zai mayar da hancin jirgi wajen inda ka fito. Idan akwai tudu ko dogayen turakun sadarwa a yankin, hau sama da su. Kira hasumiya ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki. Abin da ba a yi shi ne saukowa ƙasa-ƙasa ana laluben hanya.

Sauka

Babbar na'urar sauka cikin hazo ita ce ILS. Tana aika sigina biyu daga ƙasa: ɗaya yana riƙe jirgi a kan tsakiyar titi, ɗaya yana riƙe shi a kan gangaren digiri 3, wato saukowar kusan ƙafa 300 a kowane mil na teku. Darajarta hawa uku ce. A mataki na ɗaya ana saukowa har ƙafa 200 daga ƙasa kafin a yanke hukuncin sauka ko fasawa, da RVR mita 550. A na biyu har ƙafa 100, da mita 300. A na uku ƙasa da haka, inda galibi jirgi ne ke saukar da kansa, matuƙa suna sa ido. Ba a shiga mataki na biyu da na uku sai abu huɗu sun cika: filin yana da kayan kuma suna aiki, jirgin yana da nasa, matuƙan sun sami horo, hukuma ta ba kamfanin izini. Ɗaya ya faɗi, an koma mataki na ɗaya. Inda babu ILS ana sauka da na'urar VOR ko da tauraron ɗan'adam, amma iyakar takan fi tsayi, shi ya sa ƙananan filaye ke riga manya rufewa.

Kafin fara gangarowa, ku yi bita da baki: wane titi, wace na'ura, tsayin yanke hukunci nawa, in an fasa sauka ina za a nufa, mai nawa ya rage. Ku saita matsin iska a agogon tsayi, kowa ya duba na ɗan'uwansa, domin kuskuren maki 10 yana kai kusan ƙafa 280, ya fi duk tazarar da ke tsakaninka da ƙasa a mataki na ɗaya. Ku raba aiki: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana karanta tsayi da gudu da murya. A ƙafa 1,000 dole komai ya zauna, tayoyi a waje, gudu daidai, jirgi a kan gangare. In bai zauna ba, a fasa tun daga nan.

Ka san abin da za ka gani a ƙafa 200, don kada ya ba ka mamaki. A wannan tsayi saura kusan mita 900 ka kai bakin titi, ganinka kuwa 550 ne. Ke nan titin ba zai bayyana ba. Abin da zai fito daga cikin toka shi ne jerin fitilun da aka shimfiɗa kafin titi, ɗaya bayan ɗaya, da sandar fitilu da ta gicciye su. Su ne shaidarka. Ka gan su, ka ci gaba. Ba ka gan su ba, ka ba jirgi wuta ka hau, ba tare da ƙara ko daƙiƙa ɗaya ba. Ran 10 ga Afrilu 2010 jirgin shugaban Poland Lech Kaczyński ya sauko ƙasa da iyakarsa cikin hazo a Smolensk ta Rasha, ya bugi itatuwa, mutum 96 suka rasu.

Ko bayan ka ga fitilu, ido yana iya yaudararka. Hazo yana sa titi ya yi kamar ya fi nisa, jirgi kuma kamar ya fi tsayi, sai hannu ya so ya sauke hanci. Ruwa a kan gilashi ma haka yake yi. Riƙe gangaren yadda yake. Fitilu huɗu na gefen titi za su taimake ka: biyu fari biyu ja daidai ne, ja ya yi yawa ka yi ƙasa. Mafi sharri shi ne siririn hazon asuba. Daga sama kana ganin titi tsaf, domin ta kaurinsa kaɗan kake leƙawa. Da ka sauko ka shige shi, kana kallo ta tsawonsa, sai komai ya ɓace a ƙafa hamsin. Idan hasumiya ta ba da lamba ƙarama alhali kai kana ganin fili daga sama, lambar ce mai gaskiya.

Fasa sauka ba gazawa ba ce, wani sashe ne na saukar da aka shirya tun farko. Sai dai shi ma da tarkonsa: ƙarfin inji yana manna ka da kujera, jiki ya ce hanci ya ɗaga da yawa, hannu ya so ya tura shi ƙasa. Dubi agogo. Bayan haka, kada ka sake gwadawa sai wani abu ya canza, ko lambar ta ƙaru ko an sauya titi. Kamfanoni da yawa ba sa yarda a wuce gwaji biyu.

Helikwafta da ƙurar ƙasa

Mai helikwafta yana iya haɗa wa kansa hazo da rana tsaka. Idan ya zo sauka a busasshen fili, iskar farfela tana tayar da ƙura ta lulluɓe jirgin a daidai lokacin da yake buƙatar ganin ƙasa. Haka ta faru a Kabba ta jihar Kogi ran 2 ga Fabrairu 2019, da helikwaftan da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo: ƙura ta rufe matuƙan, jirgin ya bugi ƙasa ya kife, Allah ya kiyaye kowa ya fita da rai. Filin ƙwallo ko filin idi da rani ba wurin sauka ba ne sai an shirya shi. A aika a duba tun da wuri, a yayyafa ruwa, a sauka ana fuskantar iska ba tare da tsayawa ana lilo a sama ba. Ƙasa ta ɓace, a tashi nan take da agogo.

Matsin mutane

Saura abu ɗaya da ba ya cikin rahoton yanayi. A bayanka akwai fasinjan da ya kwana biyu a fili, da manajan da ke lissafin asara, da babban mutum mai ɗaurin aure ƙarfe biyu. Wani lokaci ma ba wanda ya ce uffan, kai ne ke matsa wa kanka don kada a ce ka kasa. Doka ta ɗora hukuncin ƙarshe a kan kyaftin, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan hukunci ita ce ka mayar da maganar kan lamba, ka kuma zo da mafita. Kada ka ce yanayi ba kyau, domin mai sauraro zai leƙa taga ya ga rana. Ka ce: "Ranka ya daɗe, doka ta ba mu mita 800 a filin can, yanzu 500 ake aunawa. Za a sake aunawa nan da rabin awa. In bai kai ba zuwa sha ɗaya, ko mu sauka a Abuja, ko a shirya mota tun yanzu." Ka faɗi haka tun da safe, kafin a ɗora kaya, lokacin da kowa yake da sauran zaɓi.